Gaisuwar da Baba Ya Gajarta

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Baba, mahaifin mijina, ya riga mu tafiya ranar kasuwar Illela, jim kaɗan bayan azahar, a ƙasan simintin ɗakin da yake duba marasa lafiya. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba, ba kuwa zan fara da alƙalami ba.

Kwana uku zauren gidan bai huta ba. Babura suka yi ta tsallakowa daga Ƙonni, 'yan canji suka rufe rumfunansu, manoma suka zo daga Tozai da Garu da ƙasar gona a ƙafafunsu. Wata tsohuwar Bafillatana ta ƙi shigowa gida sam. Ta je ta zauna a ƙofar ɗan asibitinmu da ke kulle, ta ce ita nan ta san shi, nan za ta yi masa addu'a. Matan da suka shigo ciki kuwa, bayan sun gaida Inna, uwar mijina, sai su juyo kaina su ce, "Ke kam kin yi rashi biyu, ga uba ga malami." Daga nan sai su ƙara da maganar da kowa ke ƙarawa: "Hwarat ɗaya, ko ciwon kai bai yi ba. Allah shi ba mu irin wagga mutuwa."

Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce amin, alhali na san ba farat ɗaya ba ce. Tun ƙarfe takwas na safe ciwon ya fara nuna kansa, kuma a gabana ya nuna. Ni ce malamar jinya da Baba ya horar da hannunsa shekara goma sha ɗaya domin in gane irin wannan, na kuma gane, ban yi komai ba. Har aka yi sadakar arba'in ban faɗa wa kowa ba. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, amma ba zan iya yabonsa in ɓoye nawa ba.

Baba tsohon malamin asibiti ne na gwamnati. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗakuna uku a bakin hanyar da ke zuwa iyaka: ɗakin dubawa, ɗakin allura, da rumfa mai benci biyu, na maza da na mata. Lokacin da aka kawo ni gidan da takardar makarantar koyon aikin lafiya a cikin akwatina, dangi sun so in ajiye ta ta zama ado. Shi ya ce a'a. Ya ce ba ya iya riƙe hannun matan mutane, kuma wanda ba ka riƙe hannunsa ba, ba ka duba shi ba. Haka na zama mai bencin mata. Mijina yana kai albasa kudu, wata sai ya ƙare ban gan shi sau biyu ba, don haka mutumin da na fi yini da shi a duniya shi ne wanda ba ni da damar kallon fuskarsa.

Wanda bai san surukuta ba zai yi mamakin yadda muka yi aiki. In Baba zai koya mini abu, sai ya juya ya fuskanci kabad ɗin magani ya yi wa kabad ɗin bayani, ni ina bayansa ina ɗauka. Kabad ɗin nan ya sha karatu, da yana da hannu da ya fi ni iya allura. Ni ma in zan ba da amsa, ƙasa nake ba wa. Na san takalmansa fiye da yadda na san kamanninsa.

Abin da aka fi saninsa da shi gaisuwa ce. Kullum da safe, kafin ya kira kowa ciki, sai ya bi bencin maza daga farko har ƙarshe, ya kama hannun kowa, ya ƙi saki. "Ina kwana? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa ɗiya? Ƙaƙa hanya? An yi ruwa wajenku? Ina bisashe?" Masu sauri sukan yi gunaguni, su ce gaisuwar Baba ta fi allurarsa zafi. Ni ma da farko na ɗauka tsufa ne da son hira, har ranar da ya yi wa kabad bayani.

"Malama, mutanenmu ko ana zare masu rai, lahiya lau za su ce maki. To ni ba amsar nika saurare ba. Ina jin numhwashi nawa mutum shika ja kahin shi kai ƙarshenta. In ya amsa biyu yat tsaya hutawa, wanga ba na layi ba na. Hannu kuma in kin ji shi da sanyi da danshi cikin zahin ga namu, kak ki bar shi zaune. Mai ihu shina da ƙarhin ihu. Wanda yay yi shiru can ƙarshen benci, shi za ki hwara dubawa."

Wannan ce ta haɗa shi da wani babban dillalin shanu, Alhaji mai ji da kansa, wanda ya zo da tari tun da sassafe ya zauna a kan benci na farko. Baba ya gama gaisuwa, ya wuce shi, ya kamo wani ramammen manomi da ya iso ƙarshe, ya ja shi ciki. Alhaji ya miƙe ya ce, "Malam, ni nif fara zuwa." Baba ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Kai kaf fara zuwa, shi kuma shi za shi hwara tahiya in na bi ta taka." Manomin nan mai ciwon suga ne, ya sha maganinsa ya tako daga ƙauye bai ci komai ba. Gumi ya jiƙa rigarsa, maganarsa ta fara sarƙewa kamar mai jin barci. Baba ya dama masa suga a kofi ya tsaya a kansa har ya shanye, cikin ɗan lokaci mutum ya dawo hayyacinsa yana tambayar ina hularsa. Alhaji kuwa ya yi fushi ya daina zuwa shekara biyu. Na hango shi a zaure ranar ta'aziyya, ya rufe fuska da hannun riga.

Wata dokarsa ita ce duk wanda aka yi wa allura sai ya zauna rabin awa kafin ya tafi. 'Yan kabu-kabu sun fi kowa ƙin wannan doka, shi ya sa Baba ke karɓe makullin babur kafin ya fasa kwalbar allura. Wata rana wani magidanci daga Ƙonni ya yi ta roƙo, wai fasinja na jiransa, har ya ce zai bar allurar ma. Baba ya jefa makullin a aljihu ya ce, "Hwasinja ba ya mutuwa don jira." Ko minti goma ba a yi da yi masa allurar ba mutumin ya fara sosa wuya, leɓɓansa suka kumbura, muryarsa ta shaƙe. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in kwantar da shi in ɗaga ƙafafunsa, shi kuma ya ɗauko allurar adiranalin daga tiren gaggawa ya soka masa a gefen cinya ta cikin wando, sannan ya zauna yana riƙe da wuyan hannunsa yana duba agogo. Da numfashi ya dawo, sai ya aika aka kira mota ta kai shi babban asibiti, ya ce irin wannan yakan dawo. Da a kan babur abin ya same shi, da a gefen titi za a tsince shi.

Tiren gaggawar nan shi ne abin da muka taɓa yin faɗa a kansa, in za a kira abin da ya faru faɗa. Faranti ne na ƙarfe a lulluɓe da farin ƙyalle, Baba na buɗe shi kullum da safe ya taɓa kowane abu da yatsa. Wata ranar kasuwa sirinji ya ƙare mini, na zari ɗaya daga tiren da niyyar in mayar, na manta. Washegari Baba ya buɗe, ya ga gurbin, ya rufe. Ranar ko kabad bai samu karatu ba. Da la'asar Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Babanku ya ce a tambaye ki, in mutum ya hwaɗi, kasuwa za a tahi sayen sirinji?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ma ba ni da sanyin hali. Na ce, "Inna, ki ce mai ni kaɗai nika allurar mata da ɗiya tun sahe, hannu biyu gare ni." Inna ta kai, ta dawo da amsa, na ba ta wata ta sake kaiwa. Tsohuwa ta yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakuna biyu har ta gaji ta ce mu ji tsoron Allah, gwiwoyinta ba na haya ba ne. Da safe na tarar da kofin fura a kan tagar ɗakin allura, an rufe shi da faifai. Rabin furarsa ce. Daga ranar har ya bar duniya kullum sai na tarar da kofin nan, bai taɓa cewa shi ya ajiye ba, ni ma ban taɓa yin godiya ba. Sirinji kuwa ban sake taɓa na tire ba.

Yanzu ranar da nake ta kewayewa.

Ranar kasuwa ce, benci biyu sun cika tun kafin mu buɗe. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa kamar kullum na ce, "Baba, ina kwana." Ni ma ba na tsira daga gaisuwarsa, sai ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko ubansu ya bugo waya. Ran nan ya ce, "Lahiya," ya tsaya. Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Ƙaƙa ɗiya," ya sake tsayawa. Daga nan sai ya ce, "Malama, yau ki bi bencin duka biyu. Ki miƙo man maganin ƙwannahi."

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin ya bar bencin maza ga wani ba. Da na miƙa masa maganin da hannu biyu, idona a ƙasa, na ga hannun damansa yana murza kafaɗar hagu, na ga gumi ya ɗiga daga gemunsa zuwa kan takardar da ke gabansa, alhali fanka na juyawa. Babu abin da ya ɓuya mini. Dattijo, zafi a ƙirji, gumi, numfashi na yankewa, ciwo na sauka a hannu. Shi da kansa ya yi wa kabad wannan karatu ya fi sau goma: kada a yarda da ƙwannafin tsoho mai gumi, a zaunar da shi a jingine, a ba shi asfirin ya tauna, kada a bar shi ya taka, a nemi mota a kama hanyar Sakkwato tun yana magana. Da wani ne a kan benci, da ban bar shi ya ƙarasa gaisuwar ba.

Amma kafin in yi wannan sai na kama wuyan hannun surukina, sai na ɗaga kai na dubi leɓɓansa, sai na ce masa ya buɗe riga, sai na ba shi umarni a gaban mutane. Ƙafafuna suka fitar da ni daga ɗakin. Na bi benci biyu, na kama hannun kowa, har na zaƙulo wani yaro mai zazzaɓi da ke shirin shiɗewa na shigar da shi gaba. Aikina na yi shi daidai a kan kowa ranar.

Sau biyu na koma. Wajen ƙarfe goma na tsaya a ƙofarsa da abin awon jini a hannuna, na ji yana yi wa wani bayani a hankali, na ce a raina ai ga shi yana magana, na juya. Wajen sha biyu na sake zuwa, wannan karon na buɗe baki na ce, "Baba, ko a gwada jini?" Ya ce, "Ki ji da mutanenki, ɗiyata. Ya lahwa." Ban taɓa maimaita masa magana ba, ran nan ma ban maimaita ba. Gaskiyar ita ce na ji daɗin amsar, don ta sauke mini nauyi. Wannan jin daɗin shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Aka kira azahar, maza suka tashi suka tafi masallaci, rumfa ta rage mata kaɗan. Ban ji ƙarar butarsa ba. Ina cikin wanke hannu na ji kujera ta faɗi.

Na same shi a ƙasa tsakanin tebur da kabad. Na kira shi bai amsa ba, na taɓa wuyansa ban ji komai ba. Na yage rigarsa tun daga wuya, na ɗora hannuwana biyu a tsakiyar ƙirjinsa na yi ta dannawa ina ƙirgawa kamar yadda ya koya mini, na ce wa wata mata ta ruga masallaci, wata ta tare mota. Na buɗe tiren, komai na nan a wurinsa. Duk abin da kunya ta hana ni da safe na yi shi a lokacin, ban ji ko ɗigon kunya ba, sai dai lokacin ya wuce. Ina dannawa ina kallon fuskarsa, na ga ashe yana da wani tsohon tabo a gefen girar hagu. Ban taɓa sanin yana da shi ba. Ban daina ba sai da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya dawo daga masallaci ya durƙusa ya ce, "Ya isa, ɗiyata. Bar shi hakanan."

Mijina ya iso washegari, an riga an kai Baba. Ya zauna har sadakar bakwai, sannan ya ce kaya na jiransa a hanya za su ruɓe. Na yi niyyar faɗa masa a ranar da zai tafi, sai na tarar yana ɗaure jaka yana kuka a ɓoye, na fasa. Asibitin ya zauna a kulle. Nakan je da hantsi in share, in buɗe tagogi, in zauna a ɗakin allura ni kaɗai. Mutane sukan leƙo su tambaya yaushe za a buɗe, in ce sai an kwana biyu. Ban ga da wane ido zan bi benci in kama hannun mutane ba.

Bayan sadakar arba'in da kwana biyu, baƙi sun watse, na shiga wurin Inna da rana. Tana cikin takaba, tana zaune a kan tabarma da carbi, abincin da na aika mata yana rufe ba ta taɓa ba. Na zauna daga bakin ƙofa na ce ina da magana. Na faɗa mata duka, tun daga gaisuwar da ya gajarta har zuwa sau biyun da na tsaya a ƙofarsa. Ban rage komai ba, har jin daɗin da na yi na faɗa. Na gama na jira ta zage ni, ko ta ce kwana ne ya ƙare kamar yadda kowa zai ce.

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Da sahe bai iya shanye kunu ba. Nig ga ya dahe ƙirji ya jingina da bango. Nic ce, Malam, mi na na? Yac ce ba komi. Nig ga ya hita yana jan ƙahwa." Ta ajiye carbin. "Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa tambaya tai abu sau biyu ba. Nic ce ai can za shi, wurinki, ke kin sani."

Ashe ita ta bar mini shi, ni kuma na bar shi ga kansa. Kwana arba'in muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, kowacce tana ɗauke da nata ita kaɗai.

Sai ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Ke kin yi karatu. Hwaɗa man gaskiya, kak ki lallashe ni. Da mun yi magana, da ya rayu?"

Amsa mai sauƙi tana bakina, wadda za ta sa mu duka mu samu barci. Amma na tuna ita ma ta sha jin wannan amsar daga bakin duk wanda ya shigo, ba ta kuwa hana ta barin abinci ba. Na ce, "Ban sani ba, Inna. Rai na Allah na. Wasu akan kai su su tashi, wasu ko an kai su ba su tashi. Amma muna da awa biyar, kuma hanyar Sakkwato ba ta kai biyu ba. Da an gwada."

Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Can ta jawo kwanon abincin ta buɗe, ta tura shi tsakiyarmu ta ce in matso. Ban taɓa cin abinci a gaban uwar mijina ba. Na matso, muka ci a kwano ɗaya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da alheri gwargwadon mutanen da ya tsamo daga ƙarshen benci. Mu biyu kuma da muka gani muka yi shiru, Allah ya yafe mana.